Ranar da Aka Cike wa Habibatu Zanzana

In ka sauka a Wunti ka ce wa mai keke ya kai ka wurin masar Hajiya Habibatu, tsayawa zai yi yana kallonka, don Habibatu ba ɗaya ba ce a Bauchi, masa kuwa kowane lungu ana soya ta. Amma ka ce masa wurin Mai Zanzana, ba zai ƙara tambayarka komai ba, sai dai ya ce hau. Abin haushin shi ne, rabin masu kiran sunan nan ba su san abin da suke faɗa ba. Akwai wanda ya rantse wai Zanzana sunan ƙauyensu ne. Wani kuma cewa ya yi sunan mijinta ne. Yaran yanzu ke nan, baki na aiki, kai na hutu.

To, zanzana ba ƙauye ba ce. Ƙananan ramuka ne da cutar agana ke bari a fatar wanda ya sha da ƙyar, galibi a fuska. Kuma ba kowane tabo ake ce wa zanzana ba. Wanda wuta ta ƙona, tabo gare shi. Wanda wanzami ya tsaga wa kumatu, shasshawa gare shi. Wanda aka yi wa rigakafi a dantse, lamba gare shi. 'Yan matan nan da ƙurajen balaga suka ɗan ɓata wa goshi suke ta kuka kamar an yi mutuwa, su ma ba su kai ba. Zanzana sai wanda agana ta kayar, ta gama abin da za ta yi, ta tafi ta bar shi da ransa. Tunda cutar ta ƙare ba a sake yin sabon mai zanzana ba, tsofaffin kuwa ana ta raka su ɗaya bayan ɗaya. Kalmar ma ta kusa bin su.

Habibatu ba ta fi shekara shida ba lokacin da abin ya same ta. A Inkil suke, tun Inkil tana ƙauye sosai, kafin gari ya miƙa ƙafa ya cim mata. Su biyu ne wurin mahaifiyarsu Inna Juwairiyya: ita da yayarta Bilkisu, wadda ta ba ta shekara ɗaya da 'yan watanni. Kama suke kamar an tsaga kara, har maƙwabta kan aiki ɗaya su nemi saƙon wurin ɗayar. Da rani ya tsananta cutar ta shigo, tsofaffi ko sunanta ba sa kamawa, sai su ce 'yan rani sun sauka. Rana ɗaya zazzaɓi ya kwantar da yaran biyu. Aka kafa musu bukka a bayan gari, aka ce wata tsohuwa da ta taɓa yin cutar ita za ta yi jinyarsu. Inna ta ce ba ta san wannan zancen ba. Ta ɗauki tulunta da tabarmarta ta shige bukkar, ba wanda ya iya fito da ita. Ta shiga da biyu, ta fito da ɗaya. Da shekara ta zagayo sai ga masu lamba sun iso ƙauyen da wani ƙarfe mai kama da bindiga, suna bin yara suna harba musu magani a dantse. Inna ta tsaya a bakin zaure tana kallonsu.

Girma da irin wannan fuska ba wasa ba ne. A dandali 'yan mata suka laƙaba mata Tanda, saboda ramukan. Habibatu kuwa ba ta da haƙurin a taɓa ta. Ta fasa wa wata baki, ta yaga wa wata zane, har aka gaji da kawo ƙara aka koma kiranta Mai Zanzana, ita ma ta ga wannan da sauƙi, ta amsa. Da suka dawo cikin gari bayan rasuwar mahaifinta, Inna ta kafa tandar masa a Wunti, Habibatu na ɗaukar talla. A nan wani tela, Mijinyawa, ya fara sayen masar da ta fi ƙarfin cikinsa. Kullum sai ya saya, ya rarraba wa yaran shago. Abokansa suka ce, haba Mijinyawa, duk 'yan matan Bauchi? Ya ce, "Ni zan zauna da ita ko ku?" Iyakar abin da ya taɓa faɗa a kan fuskarta ke nan har Allah ya karɓi abinsa, bayan sun haifi shida.

Tandar ta dawo hannun Habibatu tuntuni. Masarta ba sai an yi mata talla ba. Ƙullun shinkafa ne da ya kwana ya tashi yadda ake so, gefe ya soyu ya yi ƙus-ƙus, ciki ya yi laushi, ga miyar taushe, ga yaji ga mai so, ga man shanu ga wanda ya isa. Bakinta kuwa ya fi yajin zafi. Ka ce mata masar yau ta ƙanƙance, sai ta ce cikinka ne ya ƙara faɗi. Da wannan tandar ta aurar da biyar, ta je Makka, ta kai autarta Fatimatuzzahra jami'a a Gubi. Duk wanda ya gan ta zai ce matar nan fuskarta ko a jikinta.

Ƙarya ne. Abin yana mata ciwo, kuma bai taɓa dainawa ba. Madubinta bai fi tafin hannu ba, na sa kwalli ne, ido kawai yake nunawa. A biki in mai hoto ya ɗaga na'urarsa, sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Hotunan dole, irin na katin zaɓe da na tafiya Makka, suna can ƙasan akwati a kife. Ba kyau take nema ba, ta wuce nan. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai tun tana yarinya: ba ta san fuskar da aka haife ta da ita ba. Ba a yi mata hoto kafin cutar ba, wa ke hoto a Inkil a lokacin? So take, ko sau ɗaya kafin ta mutu, ta ga wace ce ita in babu ramukan nan, ta kuma samu hoton ta rataya a bango kamar kowa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai Zahra, ita ma suɓutar baki ce.

Inna tana nan da ranta, ta haura tamanin, tana ɗakin ƙurya a gidan Habibatu. Idonta garau, ƙafa ce ta yi rauni tun da ta faɗi a banɗaki, sai kuma kai da ya ruɗe. Jikokin da ta goya duk ta manta su. Zahra in ta shiga gaishe ta, sai Inna ta ja mayafi ta ce wa baƙuwar nan take nema. Mutum ɗaya ta sani a duniya, Habibatu, kuma daga hannunta kaɗai take cin abinci. Kowa ya kawo, ko naman kaza ne, sai ta kau da kai ta ce ita ba ta cin abincin mutane. Saboda haka Habibatu ba ta kwana ko'ina, ba ta yini ko'ina. Tana sauke tanda take komowa gida.

Da bikin Zahra ya zo, amarya ta ɗauko mai kwalliya, wata Peculiar, 'yar Bogoro, mai shago a hanyar Gubi. Yanzu haka ake yi, ba amarya kaɗai ba, har uwar amarya sai an zaunar da ita an fente ta. Ranar yini, gida ya cika da mata, Zahra ta ja uwarta ɗaki ta rufe ƙofa.

"Umma, yau dai ba inda za ki gudu. Na gaya wa Peculiar komai."

"Kin gaya mata me? Ke fa bakinki ba ya riƙe magana."

Peculiar ta matso ta kama haɓar Habibatu, ta juya fuskar hagu da dama kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Hausarta irin ta 'yan can ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ce, "Mama, wannan ba matsala ba ne. Akwai abin da zan fara sa maka, zai cike ramin duka. Amma ka yi alwala tukuna, ka yi azahar. In na gama ba ruwa, ba gumi, ba kuka, sai an yi hoto."

"Yarinya, shekara kusan sittin ramukan nan suna nan. Ke ce za ki cike su yau?"

"Ka zauna dai, Mama."

Ta yi alwala, ta yi salla, ta zauna, da niyyar riƙe alwalar har la'asar kamar yadda 'yan matan biki ke yi. Ko ruwa ta ƙi sha. Peculiar ta buɗe akwatinta, kai, kayan da ke ciki sun fi na mai gyaran rediyo yawa. Ta fara da wani farin mai, tana dannawa da yatsa rami bayan rami, ba gaggawa. Ta bi da wani mai kalar fata, ta bi da hoda, ta koma ta sake. Habibatu ta ji fuskarta ta yi nauyi kamar an yaɓa mata ƙullu. Tana ta mita, Peculiar na cewa, "Mama, ka daina magana, kana fasa mini aiki."

Da aka gama, Zahra ta kawo babban madubin lefenta ta riƙe a gabanta.

Habibatu ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Wata dattijuwa ce a ciki, baƙa mai haske, doguwar fuska, kumatu sumul, ga wani ɗan lotsawa a haɓa da ba ta taɓa sanin tana da shi ba, don ramuka sun ɓoye shi. Ta ɗaga hannu za ta taɓa, Peculiar ta buge hannun. Daga ƙarshe ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka nake." Daɗi ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar aurenta.

Peculiar ta zaro waya za ta ɗauka, ta sa a shafinta mutane su ga aikinta. Habibatu ta kare fuska da hannu.

"A'a, kul! Ba za ki watsa ni duniya da ɗankwalin girki ba. Na jira shekara sittin, ba zan yi hoton farko a wulaƙance ba. Bari in sa leshina, a naɗa mini gwaggwaro, mai hoto ya zo ya yi na gaske."

Mai hoton an ce sai bayan la'asar. Da ta sa leshinta ta fito tsakar gida mata suka sa guɗa. Wasu ba su gane ta ba sai da ta yi magana. Wata ƙawarta ta zamanin talla ta ce, "Ke Mai Zanzana, ina kika kai su?" Ta ce, "Na ba da aro, ko kina so?" Bakinta har kunne, tana ta kewaya baƙi tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a kai, kar gumi ya ɓata mata aiki.

Ana cikin haka wata jikarta ta zo ta raɗa mata cewa Inna fa tun kunun safe ba ta sa komai a bakinta ba, an kai mata sau biyu ta kore su, ga maganin hawan jininta ba a sha sai an ci abinci. Habibatu ta ce innalillahi, hidima ta mantar da ita. Ta zuba masa uku da miya a kwano, ta nufi ɗakin ƙurya. Wallahi ko kaɗan ba ta tuna da fuskarta ba. Wa zai tuna, in zai shiga wurin uwarsa?

"Inna, sannu da hutawa. Ga abinci."

Tsohuwa tana zaune a bakin gado. Ta ɗago ta dube ta. Ba ta ja mayafi ba, ba ta kau da kai ba. Ta ƙura mata ido har Habibatu ta tsargu. Sannan ta ce, a hankali, "Bilkisu."

Kwanon ya kusa suɓuce wa Habibatu. Bilkisu 'yar fari ce, uwa kuwa irin ta da ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce, kara ce. Tun tana raye Inna ba ta taɓa kiran sunan ba, sai dai "ke" ko "waccan". Bayan ta rasu, in maganarta ta zama dole, sai ta ce "yayarki". Ko kuka ba a ga ta yi mata a gaban mutane ba. Yau ne karo na farko da Habibatu ta ji sunan nan ya fito daga bakin uwarta.

"Bilkisu, ke ce? Zo nan. Zo in gan ki."

Ta zo ta durƙusa. Me za ta ce? Inna ta riƙe hannunta da hannu biyu tana murmushi, irin murmushin da aka daɗe ba a gani ba a ɗakin nan.

"Kin girma. Dubi yadda kika yi kyau. Na ce musu cutar ba ta taɓa miki fuska ba, suka ƙi yarda. Ina kika zauna duk kwanakin nan?"

"Nesa, Inna," in ji Habibatu. Abin da ya zo bakinta ke nan.

Ta gutsuro masa ta tsoma a miya ta miƙa. Inna ta buɗe baki ta karɓa. Ta ci ɗaya, ta ci rabin ta biyu, ta sha magani ba gardama. Habibatu ta ce a ranta, alhamdulillahi, an wuce wurin, in ta kwanta sai in zame. A waje an kira la'asar, ta ji hayaniyar 'yan mata, alamar mai hoto ya iso.

Sai Inna ta daina tauna.

"Ina ƙanwarki?"

"Tana nan, Inna. Tana zuwa."

"Tana ina? Ke kin fito, ita fa? Wa kika bari da ita a bukkar?" "Jikinta duk ya fashe, ko juyawa ba ta iyawa. Wa zai ba ta ruwa? Wa zai kore mata ƙuda?"

"Inna, kwantar da hankalinki. Ni ce. Ni ce Habibatu."

"Kar ki raina mini hankali! Ban san 'yata ba? Habi! Habi!"

Ta yunƙura ta miƙe, tsohuwar da sai an kama ta take zuwa banɗaki. Ta dafa bango ta nufi ƙofa, wai za ta Inkil. Habibatu ta riƙe ta, ta fizge. Ta sake riƙe ta, ta kai mata duka a kafaɗa tana kuka wiwi, tana cewa a sake ta, an bar mata yarinya ita kaɗai a daji. Jikin nan duk ƙashi ne, sai kyarma yake, numfashi na fita da ƙyar. In ta sake faɗuwa a kan ƙugun nan, likita ya riga ya faɗa, ba lallai ta tashi ba.

Zahra ta leƙo cikin kayan amarci, Peculiar a bayanta.

"Umma, mai hoto ya shirya, ke ake jira. Subhanallahi, me ya sami Inna?"

"Zo ki riƙe ta."

"Ai ba ta yarda da ni. Umma, ki zo a ɗauka ko ɗaya ne, yanzu-yanzu ki dawo. Ko ba gwaggwaro. Peculiar, ɗauko wayarki!"

Peculiar ta juya da gudu, wayar tana can ɗakin amarya a jikin caji. Inna kuwa ta kai bakin ƙofa, ƙafarta ɗaya ta riga ta sauka daga dokin ƙofar, tana ta kiran Habi da muryar da ta dishe. Habibatu ta tura Zahra ta rungume tsohuwar ta baya. Ga buta nan a gefen ƙofa, ga sabulun wanki a kan bulo. Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta tsuguna a bakin rariya da leshinta, ta cika hannu da kumfa ta dirje fuskar nan da ƙarfi, kamar tana wanke tukunya. Ruwa mai kalar ƙasa ya bi rariya. Zahra na cewa, "Umma! Haba Umma!" Ta sake shafa sabulu, ta sake dirjewa, don abin da Peculiar ta danna a ramukan ba ya fita da sauƙi. Ta goge da gefen mayafi ta miƙe, ido ja wur saboda sabulu, ko kuma ba sabulun kaɗai ba.

"Inna, ga ni. Kiran me kike mini haka kamar na ɓata?"

Tsohuwa ta tsaya cak. Ta dube ta sama da ƙasa. Kukan ya yanke kamar an rufe famfo, sai ajiyar zuciya. Ta bari aka mai da ita bakin gado, Habibatu ta gyara mata matashi, ta share mata fuska.

"Ke dai ba kya zama wuri ɗaya," in ji Inna, har ta koma faɗanta na kullum. "Ina kika shige? Yayarki ta zo, ta zauna, ta tafi, ba ki gan ta ba."

"Na gan ta, Inna."

"Kin gan ta? Kin ga yadda ta yi kyau?"

"Na gani."

"To, ba ni sauran masar."

Ta ba ta. Tana ci har barci ya fara fizgarta. Peculiar na tsaye a bakin ƙofa da waya a hannu, ta kalli fuskar Habibatu, ta kalli rariya, kamar ta yi kuka.

"Mama, ba komai. Mai hoto zai jira. Ka zo in sake maka, kayan suna nan, yanzu na san fuskar, ba zai daɗe ba."

Zahra ta ce, "Don Allah, Umma. Ke fa kika ce ko sau ɗaya."

Habibatu ta dubi tsohuwar da ke gyangyaɗi, hannunta riƙe da gefen leshin da ya jiƙe. Tana so. Ba za a ce ba ta so ba, ranta har ciwo yake. Ta zare gefen leshin daga hannun Inna a hankali ta miƙe.

"Ai na gani sau ɗayan," ta ce. "Bar shi, 'yar nan. Kar Bilkisu ta sake zuwa ta tayar wa tsohuwa hankali. Ku naɗa mini gwaggwaron haka nan, mu je, mutumin nan ya gaji da jira."